Me ya sa kundin Badmotorfinger ya ƙi sakina?

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya a kan wani kiɗa da na san ba kowa ke jin sa a Zariya ba, amma ina kyautata zaton ba za a rasa mutum biyu ko uku da suka san shi ba. Kundin waƙoƙi ne na wata ƙungiyar Amurka da ake kira Soundgarden, sunan kundin Badmotorfinger, ya fito a watan Oktoba na 1991. Waƙa 12 ce a ciki, in ka bar shi ya tafi daga farko zuwa ƙarshe zai ci maka kusan awa guda.

A gidan gem na fara haɗuwa da shi. Muna yara akwai wani a bayan layinmu, mukan tara 'yan canjinmu mu je mu buga GTA San Andreas a PlayStation 2. Duk wanda ya buga wasan ya san da ka shiga mota rediyo zai kama. Abokaina tashar rap suke murɗawa, ni kuwa Radio X nake nema, saboda wata waƙa guda da ke sa in yi ta taka motar har in manta aikin da aka ba ni a wasan. Ban san sunanta ba, ban san masu ita ba. Sai da na girma na buɗe shagon buga takardu da fotokwafi a nan Samaru. Lokacin da ɗalibai ke rububin kawo furojet nakan kai tsakar dare ina bugu, iyafis a kunne, a nan ne na sake cin karo da ita a YouTube. Rusty Cage sunanta, kuma ita ce ta buɗe wannan kundi.

Waƙar tana farawa da jita biyu, ɗaya ta yi kira da shaƙaƙƙiyar murya, ɗayar ta amsa mata. Sai ganguna su faɗo ciki da gudu, mawaƙin ya hau kai, ba wanda ke jiran wani. Ana tsaka da wannan gudun, ka zaci a haka za a ƙare, sai su ja birki gaba ɗaya. Kiɗan ya koma tafiya a hankali da wani irin nauyi da kake ji a ƙirji. Duk sanda aka zo wurin nan sai na ɗaga hannu daga kan kibod na saurara, ko da kuwa mai aikin yana tsaye a kaina.

Na gwada 'yan'uwansa na wannan shekarar. Na ji baƙin kundin nan na Metallica, akwai gwaninta, komai tsaf, amma da na cire iyafis ya wuce. Na ji Nevermind na Nirvana, ina son sa, yana da saurin shiga kai, sai dai in na maimaita shi da yawa yakan ishe ni. Shi wannan kuwa kullum sai in ji wani abu da ban ji jiya ba.

To ga abin da nake son a warware mini. A cikin nau'o'in kiɗan rok, wasu a intanet suna cewa metal ne, wasu suna cewa asalinsa pank ne, wasu kuma giranj kawai suke ce masa su wuce, wato sunan da aka ba salon mawaƙan garinsu. Wanne ne gaskiya, kuma ta yaya abu biyu da aka ce ba sa ga maciji da juna suka zauna a kundi guda? Sannan akwai waƙa ta biyu, Outshined. In ina kaɗa ƙafa da ita sai in ji ƙafar ta rigayi kiɗan ko ta makara, alhali ina da kunnen kiɗa daidai gwargwado, gidanmu da Shata da Ɗan Maraya muka tashi. Me ke faruwa a wurin? Maiɗakina cewa take hayaniya ce zalla, yaron shagona ma ya ce kai ke sara masa. Ni kuma rabin baitocin ban gane abin da suke nufi ba, amma abin yana taɓa ni ƙwarai. Ina son in san dalili.

Kawu na Tudun Wada

Wa alaikumus salam ɗana. Ka tuna mini da kaset ɗin da na fi ƙauna a zamanin ɗalibta. A 1992 ina jami'a a nan Samaru, akwai wani a ɗakinmu da yayansa ke karatu a Ingila yana aiko masa da kaset-kaset. Muka kwafi wannan a kan TDK mai minti 90. Kowane gefe minti 45 ne, kundin kuwa ya haura minti 55, don haka sai da muka juya kaset muka ƙarasa a ɗaya gefen. Har yau in na ji shi a waya, jikina na jiran wurin da kaset yake tsayawa. A shekarar aka yi dogon yajin aikin malaman jami'a, muka koma gida da ƙaramar rakoda da batir Tiger, ana mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare.

Tambayarka ta farko amsarta tana cikin tarihin garinsu. Soundgarden 'yan Seattle ne, can kusurwar arewa maso yammacin Amurka, sun kafu a 1984. A lokacin matasa masu jin kiɗan rok sun rabu gida biyu. 'Yan metal suna taƙama da gwaninta da dogon gashi, mai jita ya tsaya shi kaɗai ya yi ta nuna saurin yatsa. 'Yan pank suka ce duk wannan burga ce, waƙa ta zama gajera, da sauri, a faɗi abin da ke ciki a sauka. Kundin farko na Ramones a 1976 waƙa 14 ce cikin ƙasa da rabin awa, ka ga irin hanzarin. A manyan birane kowa na tsaye a layinsa. Seattle kuwa gefe take, mawaƙan gari kaɗan ne, kowa ya san kowa, a ƙananan wurare guda suke wasa, suna aron kayan juna. Yaro ɗaya zai ji Black Sabbath da safe ya ji Black Flag da yamma, ba wanda zai ce masa ya yi laifi.

Riƙe waɗannan sunaye biyu, don su ne iyayen abin da kake ji. Black Sabbath 'yan Birmingham ne ta Ingila, kundinsu na farko ya fito a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi yana da shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya riƙa sassauta su. Sautin ya sauko ƙasa ya yi kauri. Wancan nauyin da ka ce kana ji a ƙirji a ƙarshen Rusty Cage, jikan wannan ne. Black Flag kuwa 'yan pank ne na Kalifoniya, da gudu aka san su. A 1984 suka fitar da My War, gefe na biyu na faifan waƙa uku ce kacal, kowace ta haura minti shida, ana jan ta a hankali. Magoya bayansu da yawa suka ji haushi. Yaran yankin Seattle kuwa, irin su Melvins, suka ɗauki darasi: ashe za ka iya rage gudu ba tare da fushin ya ragu ba.

Soundgarden kansu ta ƙofar pank suka shigo. Ƙaramin faifansu na farko a 1987 kamfanin Sub Pop ne ya fitar, kundinsu na farko a 1988 kuma SST ya fitar, kamfanin mai jitar Black Flag. Daga nan suka koma babban kamfani, A&M, tun kafin takwarorinsu na garin su samu irin wannan dama. Badmotorfinger shi ne na uku. Wanda ya haɗa musu sautin, Terry Date, mutum ne da ya yi aiki da 'yan metal irin su Pantera, shi ya sa kake jin komai da ƙarfi da kaifi. Amma a 1990 sun ɗauki sabon mai jitar bes, Ben Shepherd, wanda a cikin pank ya taso. Je ka saurari Face Pollution, shi ya tsara kiɗanta, ba ta kai minti biyu da rabi ba, ta shigo a guje ta fita a guje. Waƙa biyu kafin ita akwai Slaves & Bulldozers, kusan minti bakwai ana jan ƙafa. To ka ga gidajen biyu a zaure ɗaya.

Ni a ganina abin da suka ɗauka daga metal shi ne nauyi da iya kiɗa. Abin da suka ɗauka daga pank shi ne ƙin burga. Kim Thayil, mai jitarsu, wanda iyayensa 'yan jihar Kerala ne ta Indiya, in aka ba shi fili ba ya tsayawa nuna maka saurin yatsa. Sai ya yamutsa sautin, ya bar sifika ta yi kuka, ya koma cikin jama'a. A shekarun 1980 'yan metal na Los Angeles mata da giya da motoci suke waƙa a kai. Waɗannan ba su bi wannan hanya ba.

Abin da ya sa sunansa bai kai na Nevermind ba, lokaci ne. Kundin Ten na ƙungiyar Pearl Jam ya fito a Agustan 1991, Nevermind ranar 24 ga Satumba, wannan ya biyo su ranar 8 ga Oktoba. Zuwa Janairun 1992 Nevermind ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin kundayen da suka fi ciniki a Amurka, kowa hankalinsa ya koma can. Badmotorfinger bai ko shiga talatin na farko ba. Sai a 1994 da Superunknown suka hau saman jadawali. Mutane da yawa Superunknown za su ce maka ya fi, kuma gaskiya ya fi faɗi da launi iri-iri. Amma ni na 1991 nake komawa, domin a nan ne ba su riga sun fara tausasa wa kowa ba. Wani abin da zai ba ka mamaki: Johnny Cash, tsohon mawaƙin kiɗan karkarar Amurka, ya sake rera Rusty Cage a 1996 yana da shekara sittin da ɗoriya, kuma waƙar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ya nuna maka akwai waƙa ta gaske a ƙarƙashin abin da maiɗakinka ke kira hayaniya.

Batun ƙafa da ke tuntuɓe kuwa, na bar wa masu kiɗa.

Mai Jita, Wusasa

Sannu Kawu, mun ƙaru. Ɗan'uwa Ɗan Samaru, ƙafarka lafiyarta lau. Ni ina kaɗa jita a coci, ina kuma zuwa bukukuwa, bari in gaya maka abin da ke faruwa.

Kusan duk waƙar da kake ji a rediyo ana ƙirga ta ne huɗu-huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a dawo. Ƙafa ta saba, ko barci kake za ta bi. Baitocin Outshined bakwai ake ƙirga su. Kunna ta ka ƙirga haka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗaya, biyu, uku, sai a dawo farko. Wato a zagaye na biyu an cire taku guda. Ƙafarka tana jiran na takwas, su kuwa sun riga sun koma. Da an shiga amshi sai su dawo huɗu-huɗu, shi ya sa amshin ke zuwa maka da sauƙi, ka ji ƙirjinka ya buɗe. Suna matse ka ne a baiti su sake ka a amshi. In ka ƙirga sau biyu ko uku za ka daina tuntuɓe, kuma daga nan daɗin zai ƙaru.

Wanda ya cancanci yabo a nan shi ne mai ganga, Matt Cameron. Akwai makaɗan da in suka buga bakwai sai kowa ya san lissafi ake yi. Shi kuwa yana buga ta ne yadda za ka iya gyaɗa kai ba ka ma lura an cire komai ba, sai dai jikinka ya ji wani abu ya karkace. Chris Cornell ma, mawaƙin, da ganga ya fara a ƙungiyar, yana kaɗawa yana waƙa, kafin ya koma gaba. Ina ganin shi ya sa yake iya ɗora murya a kan irin wannan ƙirga ba ta zame ba. Shi Thayil ya sha faɗa cewa ba sa zama su ce yau bakwai za mu yi, sai an gama tsara waƙa ake gane ƙirgarta.

Sai batun nauyi. Jita tsirkiya shida gare ta, ta sama mai kauri a kan sautin E ake ɗaure ta. A Outshined sun sassauta ta zuwa D. Amfanin haka biyu ne: sautin ya sauka, sannan da yatsa ɗaya kwance za ka danne tsirkiya uku ka sami cikakken sauti, don haka hannu na iya zamewa sama da ƙasa da sauri. A Rusty Cage sun wuce nan, sun kai ta har B. Na gwada a tawa. Tsirkiyar takan yi laƙwas, in ka buge ta da ƙarfi sai ta riƙa dukan ƙarafan wuyan jitar, sautin ya ɗan haura kafin ya zauna. Mai koyar da jita zai ce maka wannan aibi ne, ka gyara. Su kuwa shi suke nema. A Mind Riot ma duk tsirkiyoyin shida a kan E suka ɗaure su, wasu sama wasu ƙasa, shi ya sa take da wannan gunji da ba ya yankewa.

A nan ne nake son in ce wani abu da na daɗe ina tunani. Mu a ƙasar Hausa kunnenmu bai taɓa ƙin sauti mai ziza ba. Dubi garaya. Tsirkiya biyu ce, amma makaɗi zai maƙala 'yan ƙarafa a kan wuyanta don duk bugu ya zo da ƙara a bayansa, ga masu caki a gefe suna ƙara cika wurin. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, sautinta a tsuke, da kaifi, kuma salo guda zai riƙe ya yi ta juya shi har ya shiga jikinka. Mai garaya ba ya sauya hanya kowane daƙiƙa, gajeren zance yake kamawa ya nanata, ƙarfin yana cikin nanatawar. Abin da Thayil ke yi ke nan da amfilifaya a maimakon 'yan ƙarafa. Ban ce suna da dangantaka ta tarihi ba, babu. Amma mutumin da ya tashi da wannan a kunne, in ya daure minti biyar na farko, zai gane abin da ake yi fiye da yadda yake zato. In kana son gada tsakani, nemi Mdou Moctar na Nijar, kundinsa Afrique Victime na 2021. Jitar Buzaye ce da aka buɗe mata amfilifaya har ƙarshe. Na kunna wa mutanen da suka ce ba sa son rok, suka zauna suka ji shi duka.

Muryar Cornell kuwa, je ka Slaves & Bulldozers. Yana farawa ƙasa-ƙasa, kusan magana yake, bes na tafe a ƙarƙashinsa. A hankali yake hawa, har ya kai inda yawancin maza sai sun sirantar da murya, shi kuwa da cikakken ƙarfi yake isa can, kana jin maƙogwaron na kartawa amma bai kauce daga sauti ba. Ba sai ka gane Turancin ba. Mu ma a nan akwai masu kuka da waƙar Indiya ba su san kalma ɗaya ba.

Shawara ɗaya: kada ka yi masa hukunci da sifikar waya. Bes ɗin gaba ɗaya ɓacewa yake, abin da zai rage shi ne ƙarar sama, kuma ita ce ke sara wa yaron shagonka kai.

'Yar Kongo

Sannunku. Ƙanena Ɗan Samaru, ni a wurin yayana na gaji wannan kiɗa, yana da faifan CD cike da jaka, in zai kai ni makaranta a Kongo su yake sakawa a mota. Na yarda da abin da Kawu ya faɗa game da ƙin burga, kuma a wurina nan ne sirrin yake. Ka duba yawancin abin da ake kunna mana yanzu, na Kudu da namu na nan: ina da kuɗi, ina da mota, maƙiyana su mutu. Mutumin da ya wuni yana aiki, wuta ta ɗauke, kuɗin fetur ɗin janareta ya cinye ribar, wani lokaci ba ya son a gaya masa wani yana jin daɗi. Yana son ya ji wani ma a matse yake kuma yana yunƙurin ɓallewa. Rusty Cage a kan haka take, mutum ne da ya ƙudura zai fasa abin da ya tsare shi ya gudu. Outshined kuma a kan wanda a waje ka gan shi ƙalau, a ciki kuwa ya san ba haka ba ne. Ina jin kunnenka ya kama wannan tun kafin ka bi baitocin.

Amma akwai abu biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko, duhun da ke cikin kiɗan garin nan ba na wasa ba ne. Andrew Wood, abokin Cornell da suka zauna gida ɗaya, hodar heroin ta kashe shi a 1990, dalilinsa aka yi kundin Temple of the Dog. Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ya kashe kansa a 1994 yana da shekara 27. Layne Staley na Alice in Chains ƙwaya ta kashe shi a 2002, kuma kundinsu Dirt na 1992 kusan rabinsa a kan wannan bala'in yake. Shi kansa Cornell ya rasu a Detroit a watan Mayun 2017, sa'o'i kaɗan bayan ya sauka daga dandamali, kuma hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa yaran unguwanninmu, har sai da gwamnati ta hana kodin na ruwa a 2018, bai kamata mu ba ƙannenmu wannan kiɗa ba tare da mun gaya musu ƙarshen waɗannan mutane ba. Ni Dirt na daina jin sa da daddare. Badmotorfinger ya fi mini sauƙi, don fushinsa waje yake fuskanta, yana tura ka ka tashi.

Na biyu, waƙa ta huɗu, Jesus Christ Pose. Na san MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi, ma sun hana nuna bidiyonta a lokacin. Ni a matsayina na Musulma ba na jin daɗin a saka sunan Annabi Isa alaihis salam a cikin irin wannan, ko me ake nufi, don haka tsallake ta nake yi. Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba, amma ya kamata a faɗa.

Mai Jita, Wusasa

Anti, na fahimce ki sarai, ni ma da farko sunan ya tsaya mini a rai, kuma ba zan kunna ta a gaban iyayena ba. Abin da Cornell ya bayyana shi ne, da mashahuran mutane yake, mawaƙa da masu tallan kaya, waɗanda ke shimfiɗa hannuwa a hoto suna kwaikwayon gicciye don a ce ana zaluntarsu. Su yake caccaka, ba Almasihu ba. Duk da haka wanda ya tsallake ta bai yi laifi ba. Abin da kawai zan ce ta fuskar kiɗa, gangar da Cameron ya buga a cikinta ita ce mafi wahala a kundin, kusan minti shida hannunsa bai huta ba.

Ɗan Samaru

Allah ya saka da alheri, Kawu, Yaya, da kai ɗan'uwa. Jiya da na rufe shago na zauna na ƙirga Outshined yadda ka ce, huɗu sannan uku. Ta zauna daram. Da amshi ya zo na ji sakin da kake faɗa, har na mayar da ita baya don in sake jin wurin da suke sauyawa. Na kuma je na ƙirga Them Bones ta Alice in Chains, wadda ita ma tana cikin Radio X, na tarar bakwai ce. Ashe tun muna yara ake ba mu wannan ƙirga a gidan gem.

Yaya, maganarki ta shige ni, musamman ta yara. Yaron shagona shekararsa ba ta kai ashirin ba, kuma unguwarsu akwai masu shaye-shaye. In har ya fara sha'awar kiɗan, zan zaunar da shi in gaya masa labarin mutanen kamar yadda kika jero shi. Abin da kika ce game da matsi kuma, shi ne abin da na kasa faɗa da bakina. Na lura ranar da aiki ya yi kyau ba na neman kundin sosai. Ranar da injin fotokwafi ya tsaya, mai gyara ya ƙi zuwa, ɗalibai na tsaye suna jira, ranar ce nake kunna shi, kuma in na gama ji sai in sami ƙarfin ci gaba.

Na aro sifika mai bes a wurin maƙwabcina mai gyaran waya na kunna wa maiɗakina Mdou Moctar tukuna, ta ce wannan kam kiɗa ne. Zan bar ta da shi kwana biyu kafin in gwada mata Mind Riot, tunda ita ce mai sanyi a cikinsu. Kawu, bayan wannan ina zan nufa, gaba zuwa Superunknown ko baya?

Kawu na Tudun Wada

Baya tukuna, ɗana. Fara da Master of Reality na Black Sabbath, 1971, a nan Iommi ya sassauta tsirkiya sosai. Sai gefe na biyu na My War, ka daure masa, ba shi da daɗin shiga. Sai Louder Than Love na 1989, wanda suka yi kafin Shepherd ya zo, za ka ji abin da ya ƙara musu. Superunknown ka bar shi ƙarshe. In kana zuwa cikin gari ranar Asabar ka biyo ta Tudun Wada bayan la'asar, har yanzu ina da rakoda mai aiki, ka zo da sifikar maƙwabcin naka in zai ba ka aro.